Hoton Sarkin Yaƙin Ruwa: Shaida Ce Ko Kirari?

 

Akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa tsakanin dattawa da samari a zangunanmu, watau maganar hoto. Dattijo ya kan shiga ɗakin ɗansa ya tarar da fuskar wani shugaba manne a bango, ya ce a cire. Yaro kuwa ya ce, baba, ai takarda ce, ba wanda ya ke yi mata sujada. Daga nan sai murya ta hau, a watse kowa yana kan bakansa. Mu a ganinmu gardamar nan a bakin ƙofa ta tsaya. Tambayar da ta fi nauyi ita ce, in an zana fuskar mai iko aka miƙa wa talakawa su duba, me a ke so su gani, me kuma a ke so su manta? Don kada ran kowa ya ɓaci, ba za mu kawo misali da wani shugaba na nan ƙasar ba. Za mu tafi Ingila, mu duba hotunan hafsoshin jiragen ruwa na yaƙi, waɗanda gwamnati ta sa aka zana cikin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu.

Cikin shekarar 1916, yaƙi da Jamus yana tsakiyarsa, akwai wani ofishi a Landan da a ke kira Wellington House, a hannun wani mutum mai suna Charles Masterman. Aikin ofishin nan shi ne ya gyara sunan Ingila a idon duniya, ya jawo zukatan ƙasashen da ba su shiga yaƙin ba, musamman Amurka. Shi ya fara ɗaukar masu zane aiki da sunan gwamnati. Na farkonsu Muirhead Bone, sa'an nan ɗan'uwan matarsa, Francis Dodd. Shi Dodd aka ɗora wa aikin zana manya. Ya riƙa bin su ɗaya ɗaya da takarda da gawayin zane da ɗan launi, ya zana janar-janar na sojan ƙasa, ya zana shugabannin mayaƙan ruwa, waɗanda Turawa ke ce wa admiral. Almajiran Larabci za su so su san kalmar nan daga amir ta samo asali. A 1917 aka buga hotunan shugabannin ruwan nan cikin littafi, kowane da ɗan tarihinsa, aka baza.

Me ya sa aka yi wannan ɗawainiya alhali ana tsakar yaƙi? Dalilin a fili ya ke. Sojan ƙasa ana ganinsa yana fareti a gari. Manuwa kuwa, watau manyan jiragen yaƙi, suna can kwance a Scapa Flow, a ƙarshen arewacin Sikotlan, cikin hazo da sanyi, ba mai ganinsu. Talaka ya ba da haraji an ƙera su, ya ba da ɗansa an sa ciki, ga shi bai san hannun wa ya danƙa su ba. Sai gwamnati ta ce, to, ga fuskokinsu, ku duba ku sami natsuwa. In ka duba hotunan nan za ka ga dattawa ne cikin kayan sarki, wani a zaune, wani a tsaye, fuska a kame, ido a tsaye. Ba takobi a zare, ba hayaƙi, ba jini. Duk wanda ya gan su sai ya ce lalle waɗannan sun san abin da su ke yi.

Yanzu mu ajiye hoton, mu ɗauko labarin. Ran 31 ga Mayu 1916, har zuwa wayewar garin 1 ga Yuni, jiragen Ingila da na Jamus suka gamu a teku kusa da Jutland, gefen ƙasar Danmak. Jiragen duka ɓangaren biyu sun kai wajen 250. Shugaban na Ingila shi ne John Jellicoe, mai jan na gaba kuwa David Beatty, dukansu biyu Dodd ya zana su. Ingila ta rasa jirage 14 da mutum fiye da 6,000, Jamus ta rasa jirage 11 da mutum wajen 2,500. Manyan jirage uku na Ingila, Indefatigable da Queen Mary da Invincible, wuta ce ta kai ɗakin albarushinsu suka fashe, kowane ya nutse da mutum fiye da 1,000. Daga Invincible mutum shida kaɗai suka tsira. Masu bincike sun nuna cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne, don son a riƙa harba igwa da sauri, ana tara albarushi a hanya, ana barin ƙofofin da ya kamata su tare wuta a buɗe. Dubban nan da suka tafi, da masu zuba kwal a tukunyar jirgi, da masu ɗura harsashi, da masu dafa abinci, da yara masu koyon aiki, ba su cikin littafin Dodd. Mutanenmu sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wace fuska za mu tambaya labarin Queen Mary?

Kafin mu ci gaba, wajibi ne mu taɓa hukunci, don mun san shi dattawa ke jira. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun rarrabe. Surar abu mai rai, in tana da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika, wannan ita suka haramta. Wadda aka zana a takarda ko tufafi kuwa, ba ta da inuwa, ba su kai ta ga haram ba, sun dai ƙi ta in ana girmama ta. Wasu malamai na waɗansu mazhabobi sun fi haka tsanantawa, kuma duk wanda ya bar hoto baki ɗaya don tsantseni, ba mai zarginsa. Amma mu lura da tushen tsoron. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan nan biyar da aka ambata cikin Suratu Nuhu, asalinsu sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa surorinsu a wuraren zamansu don a riƙa tunawa. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilmi ya gushe, jikoki suka tarar da sura ba labari, sa'an nan aka bauta. Ashe ɓarnar ta shigo ne ranar da fuska ta rabu da labarinta. Wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙe har ƙarshen maganarmu.

Mu ɗauki hoton nan a matsayin shaida, mu kai shi gaban alƙali. Mai zane yana cewa, na ga wannan mutum da idona, ga kamanninsa. A fiƙihu mun karanta cewa ba a karɓar shaidar mutum a kan abin da zai jawo masa amfani, ko da kuwa shi mutumin kirki ne, saboda tuhuma. Dodd gwamnati ce ta ɗauke shi, ita ta zaɓi wanda zai zana, ita ta buga, ita ta raba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wani zai ce, ai bai yi ƙarya ba, hancin Jellicoe hancinsa ne, bai ƙara masa tsawo ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce ya yi ƙarya ba. Amma ku tuna da maroƙi a ƙofar mai kuɗi ranar suna. Shi ma sau da yawa ba ya ƙarya. In ya ce uban wane ya ciyar da gari shekarar yunwa, wataƙila ya ciyar ɗin. Abin da ya mai da maganarsa kirari shi ne zaɓe: ya ɗauki abin da mai gida ke son ji, ya bar saura a ƙasa. Shaidar da aka faɗi rabinta aka danne rabi, alƙali ba ya yanke hukunci da ita, sai ya nemo sauran.

Amma kada mu yi gaggawa, domin akwai abin faɗa a wancan gefen, kuma yana da ƙarfi. Na farko, shugaban yaƙin ruwa ba kamar mai ba da umarni daga nesa ba ne. Yana cikin jirgi, in jirgi ya nutse da shi zai nutse. A yaƙin Jutland ɗin nan manya biyu masu muƙamin admiral sun mutu, Horace Hood cikin Invincible, da Robert Arbuthnot cikin wani jirgi mai suna Defence. Ruwa bai tambayi anininsu ba. Na biyu, nauyin da ke wuyan shugaba nauyi ne na gaske. Da yamma ranar nan, da Jamus suka saki nakiyoyin ƙarƙashin ruwa, Jellicoe ya karkatar da jiragensa ya kauce, abokan gaba suka sami hanyar sulalewa. Mutanen gida suka yi ta zarginsa da rashin zafin nama. Alhali kuwa da ya kutsa ya yi asarar rundunar, da Ingila ta rasa teku, in ta rasa teku kuwa ta rasa abinci. Ya zaɓi a zage shi jiragen su tsira. A watan Disamba 1917, shekarar da aka buga hotonsa, aka sauke shi daga shugabancin mayaƙan ruwa. Hoton yana nan yadda ya ke, bai nuna haƙurin ba, bai nuna saukewar ba.

Na uku, kuma shi ya fi, sanin fuskar shugaba yana da amfani ga talaka. Ikon da ba shi da fuska ba a iya tuhumarsa. In uwa ta san sunan wanda ya tura jirgin da ɗanta ke ciki, ta san kamanninsa, to akwai wanda za ta nuna. Saboda haka hoton nan wuƙa ce mai kaifi biyu. Gwamnati ta yi shi don a yaba, amma shi ne kuma ya ke ce wa shugaba, an san ka, ba ka da wurin ɓuya. Mu Musulmi mun gaji wannan fahimta tun daga magabata. Sa'ad da Mu'awiya, yana gwamnan Sham, ya nemi izinin Sayyidina Umar ya kai yaƙi ta teku, Umar ya sa Amr ɗan As ya siffanta masa teku. Da ya ji yadda ƙaramin mutum ya ke a kan babban ruwa, sai ya hana, don yana ganin ran Musulmi ɗaya da aka danƙa masa ya fi ganima. Sai zamanin Sayyidina Usman aka yarda, da sharaɗin kada a tilasta wa kowa, wanda ya so shi zai shiga. Da haka aka tafi tsibirin Ƙubrus wajen shekarar 649. Ba wanda ya zana Umar, amma abin da ya sa a ke zana shugaba, watau a san wanda ya ɗauki nauyi, shi ya ɗora wa kansa tun ba a tambaye shi ba.

Wani saurayi zai ce, to magani ai mai sauƙi ne, a zana ƙanana su ma. Bari mu ga yadda aka yi ranar da aka zana ƙarami. Cikin wani jirgi mai suna Chester akwai yaro ɗan shekara 16, Jack Cornwell, yana aiki gindin igwa ranar Jutland. Harsashi ya kashe abokan aikinsa ko ya raunata su, shi ma ya sami mummunan rauni, ya tsaya a wurinsa yana jiran umarni. Ya mutu a asibiti ran 2 ga Yuni. Da farko a kabarin gama-gari aka binne shi, irin na marasa hali. Da labarinsa ya fita a jaridu, aka tono shi aka sake binnewa da fareti ran 29 ga Yuli, aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumtaka wadda ba ta biyunta a Ingila. Wani mai zane, Frank Salisbury, ya yi babban hotonsa tsaye gindin igwa. Da ya ke yaron ya riga ya mutu, ɗan'uwansa aka tsayar aka zana. Aka buga hoton aka kai makarantu don yara su yi koyi. Uwarsa kuwa ta rasu a 1919 cikin talauci. Ku duba fa: fuskar ba tasa ba ce, amfanin bai kai gidansu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ashe zana talaka kaɗai ba ya zama adalci, in wanda ya sa aka zana bukatar kansa ya ke biya.

Da yaƙi na biyu ya zo, an ɗan gyara. A 1939 aka kafa kwamitin masu zanen yaƙi a ƙarƙashin Kenneth Clark. Kafin a rufe shi a ƙarshen 1945 ya tara zane fiye da 5,000 daga hannun mutum fiye da 400. Cikinsu akwai Eric Kennington, wanda shi kansa farabiti ne a yaƙi na farko, ya kwana cikin rami, ya san sanyi da yunwa. Da alli mai launi ya ke zane. Ya zana hafsoshin ruwa, amma bai tsaya gare su ba. A 1940 ya zana wani mai kula da wutar inji, Martin, na jirgin Exeter, wanda ya yi faɗa da jirgin Jamus Graf Spee a bakin tekun Amurka ta Kudu a watan Disamba 1939. Wannan mutum ne daga can ƙasan jirgi, inda ba a ganin rana, inda in ruwa ya shigo su ke fara mutuwa. Shaidar Kennington ta fi ƙarfi, don ya ɗanɗana abin da ya ke shaida a kansa. Duk da haka, kusan duk wanda ya zana sai ya fito jarumi, haɓa a ɗage, ido kamar na shaho. Mun san kuwa cikin jirgi mai ɗaruruwan mutane akwai mai tsoro, akwai mai kuka da dare, akwai wanda ya shiga don rashin abinci a gida, su ma sun yi aikinsu sun mutu. Ƙauna ma tana iya rage shaida, kamar yadda kwaɗayi ke rage ta.

Ga wani labari kuma mai ban mamaki. John Worsley hafsan ruwa ne, kuma mai zanen gwamnati. Jamus suka kama shi a 1943, suka tsare shi a sansanin fursunonin mayaƙan ruwa kusa da Bremen. A can ya riƙa zana 'yan'uwansa fursunoni, hafsoshi ba jirgi, ba runduna, ba mai sara musu. Ba gwamnatin da ke tsaye a kansa tana cewa zana wane, bar wane. A ganinmu waɗannan sun fi kusa da shaida ta gari. Sa'an nan kuma shi ne ya ƙera wani mutum-mutumi, kai na takarda da aka jiƙa aka mulmula, aka yi masa fenti da gashi, aka sa masa hula da babbar riga, suka raɗa masa suna Albert. In an kai su wanka bayan shinge, sai su tafi da shi gunduwa-gunduwa a ɓoye, su harhaɗa a can, mutum ɗaya ya laɓe ya gudu, su komo da Albert a tsakiyar layi. Masu gadi su ƙidaya kawuna su ga sun cika. Yaudarar abokin gaba a yaƙi ba abin zargi ba ce. Amma akwai wa'azi a ciki. Masu gadin nan ba makafi ba ne, sun dai saba da duban hula da riga, har takarda ta wuce a gabansu da sunan mutum. Duk wanda ya saba auna mutane da sura, ranar da aka kawo masa sura ba kowa ciki zai karɓa.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne, ina ruwanmu. Ruwanmu ne ƙwarai. John Glover, wanda ya tara Hausawa a Ikko a 1863 ya mai da su 'yan bindiga, hafsan jirgin ruwa ne na Ingila. Shi ya kawo su nan ƙasar yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, waɗansu suka zauna, suka hayayyafa a zanguna. Har yau a littattafai da sunansa a ke kiransu, Hausawan Glover, kamar su kansu ba a yanka musu ragon suna ba. A 1916 an loda sojan Gwalkwas cikin jirage zuwa Afirka ta Gabas. A 1943 da 1944 an loda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya, daga nan Bama, da 'ya'yan zango da yawa a ciki. Rayukansu a kan teku suna hannun irin hafsoshin nan da aka zana. Kuma teku ta ci baƙar fata: ran 21 ga Fabrairu 1917 wani jirgi mai suna Darro ya buge Mendi cikin hazo kusa da gaɓar Ingila, mutum fiye da 600 suka halaka, galibinsu lebura baƙaƙe daga Afirka ta Kudu, mai jirgin da ya buge su kuwa bai tsaya ceto ba.

A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta fitar da bincike a kan kanta. Ta yarda cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙi na farko, galibi 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, wataƙila ma ba a yi musu wata alama ba sam. Cikin takardun da aka tono har da maganar Gwamna Guggisberg na Gwalkwas a 1923, inda ya nuna wai talakan ƙasar nan ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Mu ba mu roƙi gini a kan kabari ba, addininmu ma bai so shi ba. Amma suna haƙƙi ne. A zana fuskar wani da launi, a kasa rubuta sunan wani da fensir, wannan ba rashin takarda ba ne. A Ankara akwai Barikin Bama, a Takoradi akwai na Myohaung. An tuna da wuraren da aka yi faɗa. Mutanen da suka yi faɗan fa, kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya, yaro nawa ne a Nima ko zangon Kumasi zai iya kawo sunan biyar daga cikinsu?

To, ina mafita? Magabatanmu sun bar mana hanya. Su ma sun so a san mutane, amma da alƙalami suka zana su. Imamu Tirmizi ya tara siffofin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, cikin Shama'il: kamanninsa, da tafiyarsa, da cinsa, da dariyarsa, da zamansa da mutane, kowace magana da sunan wanda ya gani ya faɗa. Siffa da hali tare su ke tafiya, ba a raba su ba. Malaman hadisi kuma suka kafa ilmin sanin mazaje, inda a ke rubuta mutum da kirkinsa da aibinsa: wane mai gaskiya ne amma haddarsa ta raunana da ya tsufa, wane mai ibada ne amma ba a karɓar ruwayarsa. Ba su duba ko ɗan sarki ne ko bawa ne da aka 'yanta ba. Wannan ita ce shaida cikakkiya. Kuma mun sani daga hadisi ingantacce cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hisabi akwai wanda aka kashe a fagen fama, amma niyyarsa a ce masa jarumi ce, aka kuwa ce. In haka ne ga wanda ya ba da ransa, ina ga wanda ya zauna a kujera aka zana shi? Abin da Allah ke dubawa, gawayin Dodd ba ya kai gare shi, allin Kennington ma haka.

Amsarmu ga tambayar da ke bisa kan takardar nan ke nan. Hoton sarkin yaƙin ruwa shaida ce a kan zahiri, kuma ba laifin mai zane ba ne da bai zana zuciya ba, don ba a ba ɗan Adam wannan ba. Yana zama kirari ne in an raba shi da labarinsa, aka bar shi shi kaɗai a bango. Masu rabawa kuwa biyu ne, gwamnatin da ta ɓoye labari, da mai kallon da bai nema ba. Na farkon ba ya hannunmu. Na biyun mu ne.

Saboda haka, ya ku samari, yau fuskokin manya sun cika ko'ina, a jikin atamfa, a kalanda, a bangon kasuwa lokacin zaɓe, a cikin wayar da ke aljihunku. Duk wadda ta zo gabanku ku yi mata tambaya uku irin ta alƙali. Wa ya biya aka yi ta? Me mai ita ya aikata ranar da nauyi ya hau kansa? Su wa ke ƙasan jirginsa, kuma ina suka kwana? In kun sami amsa, kuna da hujja ku yaba ko ku ƙi. In ba ku samu ba, ku sani Albert ne kuka rataya.

Ku kuma iyayenmu, Allah ya ƙara muku lafiya, yage takarda daga bango ba ya cire ta daga zuciyar yaro. Yaro yana neman wanda zai duba ya yi koyi, in ba a ba shi na gida ba zai ɗauko na waje. Ku zaunar da su ku gaya musu wane ne kakansu, daga Kano ya zo ko Katsina ko Zabarma, da goro ya zo ko da bindiga, wane jirgi ya shiga, ya komo ko bai komo ba, me ya yi na kirki, ina kuma ya yi tuntuɓe. Muna roƙon ƙungiyarmu ta tanadi littafi guda, kowane gida ya kawo sunayen nasa, a rubuta da boko da ajami, har da lebura da kuku da mai ɗaukar kaya, har da matan da suka riƙe gidaje shekara da shekaru maza suna bayan teku. Almajiran makarantunmu suna iya rubutun, dattawa suna da labarin. Kowace shekara muna binne waɗanda suka sani, saboda haka a fara tun bana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda aka sani da waɗanda aka manta. Allah ya ba shugabanni tsoronsa, ya ba mu ido mai rarrabewa, amin.